Katantanwar Ticha Markus

Makon jiya 'yata Rifkatu ta dawo daga kasuwar Kakuri da wata koriyar riga ta gwanjo, da rubutu ɓaro-ɓaro a ƙirji: Éirinn go Brách. Ba don rubutun ta saya ba, launin ne ya yi mata. Sai da ta wanke rigar ta shanya a tsakar gidanmu a Romi, sannan ya faɗo mata a rai cewa ba ta san abin da za ta riƙa yawo da shi a gaba ba. Ta ɗauko waya tana latse-latse don wayar ta gaya mata yadda ake faɗa. Ina zaune ina tsintar wake, ko kai ban ɗago ba na ce, "Eran ga brakh." Ƙarshen daga maƙogwaro yake fitowa, kamar mai son kako ƙayar kifi. Can sai wayar ta maimaita abin da na faɗa da muryar wata Baturiya. Rifkatu ta saki baki tana kallona, don a iya saninta uwarta ko Legas ba ta taɓa takawa ba. Na ce mata kirarin mutanen Ayilan ne da yarensu, ma'anarsa ƙasar Ayilan har abada, kuma a bakin murhu na koya wurin kakata.

A Kakuri na tashi, lokacin masaƙa na da rai, jiniyarta ce agogon unguwa. Babanmu a can yake aiki, muna haya a wani gida mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Mahaifiyarsa, Kaka Birijit, ta baro ƙauye ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Sunanta na gida Asabe, shi aka sa mini, saboda haka Takwara take kirana. Birijit kuwa wani Fada, limamin coci ɗan Ayilan, shi ne ya raɗa mata ranar baftisma. 'Yar siririyar mace ce, ga tsabta, ga baki, kuma ba ta da mantuwa ko ta sisin kwabo. Ba ta fashin coci, amma na sha lura da cewa in ana addu'a aka zo wajen da ake cewa mun yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai tari ya sarƙe ta.

Da damina, in an gama cin tuwo aka ɗauke wuta, sai mu yaran gidan mu kewaye murhunta a ƙarƙashin rumfar kwano. Ta jera masara a kan garwashi tana juyawa da yatsa, kamar wutar ba ta da zafi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa." Mu ce, "A ba ta kujera." Sai ta shiga ba mu labarin kura da zomo, ko na yarinyar da ta bi kan tulunta cikin rafi. In ta kai ƙarshe sai ta tsoma hannu a kwano ta yayyafa wa garwashin ruwa, ta ce, "Ta mutu, mun binne ta, kowa ya nemi tabarmarsa." A tatsuniyoyin Kaka mugu ba ya tuba. Ko dai rami ya cinye shi, ko kuma a bar shi da rai ya yi ta jin jiki, kuma mu haka muke so.

Akwai guda ɗaya da babu dabba a cikinta, ita muka fi roƙo. Sai ta ja mana rai, ta ce masara ba ta gasu ba, sannan ta fara.

Ƙauyensu yana gindin wani dutse a kudancin jihar nan, yarensu kuwa ƙarami ne, ƙauyuka kaɗan ke jin sa. Akwai makarantar mishan a garin, da shingen kerana kewaye da ita. Fadan Ayilan ɗin nan ne mai makarantar, amma wanda ke riƙe da bulala ɗan gari ne, Ticha Markus, saurayi mai tsagin kai da farin wando. Nonon yaren ya sha kamar kowa, amma tun da ya dawo daga kwaleji ya ɗauki karan tsana ya ɗora masa. Ya kafa doka: a harabar makaranta Turanci za a yi, in ya gagara a lallaɓa da Hausa, amma ban da yare. Ya samo katantanwa, wato ƙwaryar dodon koɗi, ya huda ta ya zira igiya. Duk yaron da aka ji ya yi yare sai a rataya masa a wuya. Shi kuma sai ya kasa kunne, in ya kama wani ya cire ya rataya masa. Wanda aka kaɗa ƙararrawar tashi tana wuyansa shi zai sha bulala, ya tafi da ita gida, gobe ya dawo da ita. Kaka ta ce da wannan 'yar katantanwa Ticha ya mayar da yaran gari guda 'yan leƙen asirin juna, har wa da ƙane ba sa yarda su yi raɗa.

Kowace shekara da bazara Fada yana bikin waliyyin ƙasarsu. Yara su maƙala ɗanyen ganye a riga su yi layi, iyaye su taru a inuwa, a zaɓi yaro ɗaya ya fito ya faɗi kirarin nan na Ayilan da ƙarfi. A shekarar da ake magana Kaka aka zaɓa, don ita ta fi kowa iya fitar da ƙarshen daga maƙogwaro. A nan sai ta dakata ta sa mu gwada, mu yi ta kaki muna tofar da yawu a wuta, tana dungure mana kai tana cewa ko akuya ta fi mu.

Ana sauran 'yan makonni bikin, babanta ya faɗo daga kan rumbu yana baibaya. Uwarta, wadda ba ta jin Hausa balle Turanci, ta sheƙo a guje ta tsaya a bakin shinge, ta ƙwala mata kira da yare cewa ta zo, babanta na kiran sunanta. Kaka ta amsa da yare cewa ga ta nan. Kafin ta kai ƙofa, yarinyar da ke ɗauke da katantanwa ta cim mata da murna ta zura mata a wuya. Ticha ya tare hanya. Ta durƙusa ta yi masa bayani da Hausa, ya ce bai ji ba. "Sipik Ingilish," in ji shi, wato ta yi Turanci. Ita kuwa Turancinta bai kai na faɗin cewa uba na mutuwa ba. Ya ce mai katantanwa ba ya fita sai an kaɗa ƙararrawa, ya sa ta durƙusa a rana. Tana kallon uwarta ta ratsin kerana, har uwar ta gaji ta juya da gudu. Da aka tashi ya zane ta ya sake ta, tun daga nesa ta jiyo kukan mata a gidansu.

Duk lokacin da ta zo nan sai ta daina juya masara, har mu ji ƙauri. "Sunana ne na ƙarshe a bakinsa," take cewa. "Ni kuma ina durƙushe ina neman Turanci."

Bayan makoki ta koma makaranta da katantanwar, ta ƙi rataya wa kowa. Tana jin yara suna yare a bayan aji ta yi kamar kurma. Kullum ta miƙa hannu a doke ta, ta koma gida da abarta. Ticha ya ƙwace mata faɗin kirari ya ba wata, ranar biki ya tsayar da ita can ƙarshen layi. Da yarinyar ta faɗa, Fada ya miƙe, fuskarsa ta yi ja, ya ɗaga hannu ya maimaita kirarin, ya ƙara da wasu kalmomi na yarensu har idonsa ya kawo ruwa, yadda ya saba kowace shekara. Abin da Kaka ke jira ke nan. Ta ratsa layi ta isa gabansa da igiya a hannu. Ya zaci carbi ta kawo ya sa wa albarka, ya sunkuyo, ita kuwa ta zura masa katantanwa a wuya, ta juyo ta fuskanci Ticha ta ce, "Fada ya yi yare."

Lissafinta na yarinya shi ne, in aka kaɗa ƙararrawa ko dai Ticha ya doki Bature a gaban gari, ko kuma ya tattara kayansa. Sai wani tsoho ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Ticha ya yi ta zufa yana in-ina. Da Fada ya gane zancen sai ya miƙe ya fuskanci taron. Ya faɗa wa jama'a da Hausarsa mai gargada cewa kakansa ma an rataya masa ɗan itace a wuya a makaranta saboda wannan yaren da suka ji ya yi, ya ce daga yau an soke dokar. Ya cire katantanwar ya danƙa wa Kaka, ya shafa kanta, ya haɗa mata da alewa.

"Ni kan Ticha nake so, ya ba ni alewa," in ji Kaka. "Mutumin da kakansa ya sha wannan, ɗakinsa na jikin aji, a ce bai taɓa jin kukan yara ba?" A masai ta jefa alewar. Ticha bai je ko'ina ba, don babu wani malamin. Kafin ruwa ya sauka ya kira kawunta ya ce yarinyar ba ta jin magana, babu wurinta a aji, karatunta ya ƙare ke nan. Da aka yi wa Fada canjin wuri dokar ta dawo, da ƙashin saniya a maimakon katantanwa.

A nan labarin yake tsayawa. Mu yi ta jiran ta yayyafa ruwa, sai ta janye kwanon gefe ta ce, "Wannan ba ta mutu ba tukuna." Mu tashi mu bar garwashin yana ci. Na sha kwanciya ina ƙulla wa Ticha Markus mutuwa iri-iri, har da ta bakin kada.

Ina aji shida na firamare, wata Lahadi an tashi daga coci, wani mutum mai kamala ya tare mu a bakin ƙofa ya rusuna ya gaida Kaka. Ya ce sunansa Filibus, ma'aikacin gwamnati ne, a Trikania yake. An ce masa ita 'yar ƙauye kaza ce. Mahaifinsa na kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma tun da ciwon ya same shi Turanci da Hausa suka gudu daga bakinsa, sai yare kawai yake yi, yaren da bai taɓa koya wa 'ya'yansa ko kalma ɗaya ba. Kullum yana ta nanata wata magana yana kuka, ba wanda ke ganewa. Sun aika ƙauye amma rafi ya cika, kuma likita ya ce kada su sa rai da nisa. "Mama, abeg, ki taimaka ki zo ki ji abin da yake so," in ji shi. Kaka ta tambayi sunan mahaifin. Da ya faɗa sai na ji hannunta ya matse nawa har ya yi zafi. Ta yi murmushi ta ce, "Zan zo, ɗana."

Washegari da hantsi ta yi wanka ta ɗaura zanen da take ajiya don Kirsimeti. Ta buɗe akwatinta na ƙarfe ta ciro wani ƙullin tsumma daga ƙasa ta jefa a jaka, ta ce in riƙe mata. A cikin bas har waƙar coci take yi ƙasa-ƙasa.

Na zaci zan ga dodo. Abin da na gani ɗan tsoho ne da ya ƙanƙance a kan gado, baki a karkace, a bango ga hotunansa da kwat da lakataye. Kaka ta ja kujera ta gaishe shi da yare. Ranar ce na fara jin yaren a bakinta a jere, ba guntu-guntu ba, muryarta ma ta sauya. Tsohon ya zabura, hawaye suka zubo, ya cafke wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya ya yi ta zuba magana. Ta saurare shi har ya gaji don kansa. Sannan ta roƙi Filibus da matarsa su ɗan ba su wuri, ta ce maganar tsofaffi ce. Ni ba a kore ni ba, don ni ke riƙe da jaka.

Ta sunkuya ta yi masa magana a hankali. Ban ji yaren ba, amma na tsinci sunanta da sunan babanta. Na ga fuskarsa ta canja. Ta miƙo hannu na ba ta jakar, ta kwance tsumman, sai ga katantanwa, ta yi fari don tsufa, da sabuwar igiya. Ta ɗaga kansa da tausayi kamar mai jinya, ta zura masa a wuya, ta gyara mata zama a kan ƙirjinsa. Ya buɗe baki ya fara magana, ta ɗaga yatsa.

"Sipik Ingilish," ta ce.

Ya yi ta motsa leɓe, babu abin da ya fito sai yawu. Ta miƙe tsaye, ta haɗa ƙafafu kamar 'yar makaranta, ta faɗi kirarin Fada tiryan-tiryan har da kakin ƙarshe. Ta ce da Hausa, "Ka ga har yanzu na iya, Ticha." Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji har cikin ƙashina.

Da Filibus ya shigo ya tambayi abin da baban ya ce, Kaka ta ce tsufa ne, mutanen da yake ta kira. Ta ce katantanwar abin makarantarsu ne na da, a bar masa, ya san ta. Mutumin nan ya yi ta godiya, har titi ya rako mu. A cikin bas na tambaye ta gaskiyar abin da tsohon ya ce. Ta ce da can ya sha gaya wa 'ya'yansa a binne shi a birni kusa da matarsa, kada a kai shi cikin ƙauyawa. Yanzu ya sake shawara. Roƙo yake a mayar da shi gindin dutse a kwantar da shi kusa da uwarsa. Na ce to yaushe za ta gaya musu. Ta leƙa taga ta ce, "Ba a kaɗa ƙararrawa ba tukuna, Takwara."

Ba a daɗe ba tsohon ya cika. Aka kaɗa masa ƙararrawa a coci, aka binne shi a maƙabartar birni yadda ya faɗa tun yana da Turancinsa. Sai da aka rufe kabari aka watse, Kaka ta je gaisuwa, ta kira Filibus gefe ta gaya masa komai, tun daga shingen kerana har zuwa roƙon babansa. Ya zauna daɓas a ƙasa da fararen kayansa, ya tambaye ta don me ba ta faɗa da wuri ba. Ta ce wurin babansa ta koyi cewa ba a sakin mutum sai an tashi. Da yamma mamanmu ta yi ta faɗa cewa wannan ba halin Kirista ba ne. Kaka ta hura wutarta ta tara mu, ta ba da labarin daga farko har ƙarshe. Ta jawo kwano ta yayyafa ruwa har garwashin ya yi shuu, ta ce, "Ta mutu, mun binne ta." Ba ta sake ba da shi ba.

Na yi shekaru ina ba da labarin nan da alfahari, kuma har yau ban ji tausayin Ticha Markus ba. Filibus kam yakan faɗo mini a rai, don shi bai doki kowa ba, amma ko shi ba ya hana ni barci. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, Kaka ba ta taɓa koya mana yaren ba. Babanmu gaisuwa kawai ya iya. In muka tambaye ta sunan wani abu sai ta shafa wuyanta ta ce mu je mu yi karatu, yare ba zai kai mu ko'ina ba. Matar da ta rataya wa Bature katantanwa a gaban gari, ita ce ta kasa yi wa jikokinta yare a cikin ɗakinta. A wurina wannan ne babban laifin Ticha, kuma babu wanda ya rama shi.

A gidana na Romi Kaka ta yi jinyar ƙarshe, ta tsufa tukuf. Wata rana da la'asar ina ba ta kunu, sai Hausa ta bar bakinta. Ta kama wuyan hannuna ta yi ta magana da yare, tana nanata abu ɗaya, tana duban idona tana jiran amsa. Na buga waya ko'ina, na tura maigidana coci-coci neman mai jin yaren, ba a samu ba sai bayan ta tafi. Na buɗe baki in ce mata wani abu da ba Hausa ba, abin da ya zo kan harshena kirarin Fada ne, na haɗiye shi. Mun binne ta a maƙabartar birni, kuma in zan je wurinta dole sai na bi ta gaban kabarin Ticha. Ba na gaishe shi. Har yau ban sani ba ko gida ta ce a kai ta.

Duk wannan na ba Rifkatu a tsakar gida, koriyar rigar tana ɗiga a kan igiya. Ta gwada kirarin sau da yawa har ta iya kakin ƙarshen, ta fi ni saurin kamawa. Can sai ta ce, "Momi, to yaya ake cewa ƙasarmu har abada da yaren Kaka?"

Na ce mata ban sani ba.